Rumbun da Baba Ya Tsare a Baranda

Shekarar da muka ɗauko surukina daga Afala, ni na matsa. Maigidana yana ta cewa a bari sai bayan kaka, a bari sai an yi hutun lakkwal, wato makaranta, ni kuwa na ce idon tsoho ba ya jiran hutun kowa. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, ta fara taɓa ɗayan. Matarsa ta rasu, sauran ’ya’yansa maza suna Abijan wajen nema, shi kaɗai ne a gida, sai matar ƙanensa da ke aiko masa da tuwo in ta tuna. Aka kawo shi Tawa, aka yi masa aiki a asibiti, ido ya buɗe tar. Ranar da aka kwance masa bandeji, abin da ya fara faɗa shi ne ashe ɗansa ya yi furfura. Abu na biyu, ya tambayi ranar da motar Afala ke tashi.

Ni ba na so ya koma, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Ubana ya rasu ina goye, ban taɓa sanin daɗin gida mai tsoho a ciki ba sai da wannan ya zo. Tarinsa na asuba, ƙarar butarsa, yadda yake yi wa kajina faɗa kamar suna jin Hausa, duk sun shiga raina. Ga shi can ƙauye babu mai ɗiga masa maganin ido, babu mai lura ko ya ci ko bai ci ba. Amma faɗa masa haka ba ya cikin abin da zan iya. Mijina ɗan farinsa ne, ni kuma matar ɗan fari, kunyar da ke tsakaninmu ta kai ko hanya ba ma haɗawa. Da safe in gaishe shi a durƙushe daga bakin madafa, ya amsa yana kallon katanga. Bai taɓa kama sunana ba, ni ce “ɗiyar mutane”. Ɗan nasa ma ba shi da suna a bakinsa, “wancan” ne.

Ba mu muke korarsa ba, zaman banza ne. Mutumin da ya saba tashi da aiki a gabansa an kawo shi an ajiye a baranda, ga tabarma ga rediyo. Ya ɗauki tsintsiya zai share ƙofar gida, maigidana ya karɓe, wai me maƙwabta za su ce. Ya tona gindin katanga ya shuka kuɓewa, kajina suka bi bayansa suka tone. Ya ce a sayo masa tunkiya ya kiwata, aka ce babu wuri. Maigidana mushe ne, wato malamin makaranta, lissafi yake koyarwa a kwaleji, kuma maganarsa ɗaya ce ga ubansa kullum: ya huta. Duk ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa da motocin ƙauye ke cika tasha, sai in ga tsoho ya naɗe tabarmarsa ya jingine ta a bango, ya zauna yana kallon ƙofa. Kowace Lahadi da irin dabarar da nake yi. Wani lokaci in sa a tuna masa akwai sauran maganin ido, wani lokaci in kwaɗa zogale da ƙuli, wanda na san ba ya iya tafiya ya bari. Na san dabarun nawa sun kusa ƙarewa.

A lokacin ina yin yawur na sayarwa. Da yamma in kaɗa madara in zuba iri, ta kwana a rufe, da safe in sa sukari in ƙulla a leda in jera a firigo ya yi sanyi. Masu shagon unguwa suna ɗauka, matan da ke aiki a asibiti ma suna aikowa. Sana’a ce mai daɗi in akwai wuta. Amma duk wanda ya yi bazara a Tawa ya san sauran labarin. Rana na take tsaka sai ka ji panka ta yi shiru, unguwa duka ta ja tsaki lokaci ɗaya. Wata rana wutar ta dawo kafin la’asar, wata rana sai an yi magariba ana jiranta. Yawur kuwa ba shi da haƙuri ko kaɗan. Leda ta kumbura, ya tsinke ya koma ruwa, tsami ya hau kai, wanda ka ba kyauta ma sai ya yatsine fuska kafin ya gode.

Da abin ya ishe mu, ƙannen maigidana na Abijan suka haɗa hannu da shi aka sayo manyan batir, da wani akwati mai juya wutarsu ta zama irin ta gida. Mai gyaran wuta ya zo, wani magidanci mai fara’a da yawan magana. Ya ce madafa ta cika zafi, batir iska yake so, don haka ya jera su a baranda daidai ƙofar ɗakin Baba, ya huda bango ya ja waya har firigo. Aikin abin babu wuya. In akwai wuta, batir su sha su ƙoshi. In an ɗauke, akwatin ya yi ƙara sau ɗaya ya karɓi firigo da kansa, ba sai kowa ya taɓa ba. A goshinsa akwai ’yan fitilu kore a jere masu nuna cikar batir, a gefe kuma makunni ja.

Baba yana zaune a tabarmarsa tun farkon aikin yana kallo. Sai da mutumin ya fara tattara kayansa ya tambaye shi abin da ke cikin baƙaƙen akwatunan nan. Mai gyara ya so ya kyautata wa tsoho, ya nemo maganar da mutumin ƙauye zai gane.

“Ajiya ta, Baba. Kamar rumbu. Ranar da babu, shi ka hid da mu.”

Baba ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon fitilun. Ina jin su daga madafa, ban kawo komai a raina ba.

Washegari na fito na tarar an ɗora batir a kan duwatsu, an zagaye su da toka saboda gara. An kafa guntun zana ta gefen da rana ke bugowa. Tsohon rawaninsa da ya mutu ya zama tsumman goge ƙura, safe da yamma. Kajina aka yanke musu hanya, duk wadda ta kusanci baranda sai ta sha sanda. Bayan la’asar tsofaffin masallaci suka fara biyo shi gida kallo, yana nuna musu fitilun ɗaya bayan ɗaya yana cewa cike yake har baki. Maigidana ya so ya yi magana a kan tokar, na harare shi ya haɗiye. Lahadi ta zo ta wuce, tabarma na shimfiɗe. Wata Lahadin ma haka. Murnar da na yi a kwanakin nan har waƙa nake yi ina ƙulla leda.

Sai dai yawur bai daina lalacewa ba.

Ranar farko da aka ɗauke wuta na ji akwatin ya yi ƙararsa, firigo ya ci gaba da gurnani, na ce alhamdu lillahi. Ban gama wanke tukunya ba ya yi shiru. Na ɗauka sabon abu ne, sai ya saba. Rana ta biyu ma haka. Da abin ya sake faruwa, ina jin ƙarar na leƙa ta ’yar tagar madafa. Sai ga Baba ya miƙe daga tabarma, ya gyara rigarsa, ya tsaya gaban akwatin yana kallon fitila ɗaya da ta fara lumshewa. Ya girgiza kai, ya yi bisimilla, ya danna makunnin ja. Firigo ya mutu a bayana. Shi kuwa ya koma ya zauna, fuskarsa fes, ya ja carbinsa.

Nan take na gane, don na sha jin labarin rumbunansa a bakin maigidana. A Afala rumbu biyu gare shi. Ɗaya ake ci, ɗayan an liƙe bakinsa da laka, na tsimi ne. Ko ana shan kunu tsararo a gidan ba ya buɗe shi, in an yi magana ya ce wannan ai ba yunwa ba ce. Shekarar da damina ta yi gardama, rabin gari ya watse kudu, gidansa bai tashi ba, kuma da wannan yake alfahari har gobe. Ko rumbun da ake ci ma ba kowa ke taɓa shi ba. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, duk zamansu ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. In hatsi ya ƙare ta zo da ƙwaryarta ta durƙusa ta faɗa, shi ya hau ya fiddo mata dami. To mutumin nan ne aka ce wa ga rumbu a ƙofar ɗakinsa. Ɗauke wutar yini ɗaya a wurinsa ba yunwa ba ce, ga kuma ajiya tana buɗe kanta tana zuba ba da sanin kowa ba.

Na tsaya riƙe da ludayi, dariya na cina, haushi na cina. In je in ce wa surukina ya yi kuskure? Bakina ba zai iya ba, ko da an ɗora mini wuƙa. In aiki yara? Jika da kaka, kafin magariba sun mayar da abin waƙar tsokana a bakin titi. In faɗa wa maigidana? Mace ba ta kai ƙarar suruki wurin ɗansa, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, na san mijina. Mutumin kirki ne, amma in ya fara bayani sai ya ga allo a gabansa, kowa kuma ɗan aji ne. Zai zaunar da ubansa ya fayyace masa komai dalla-dalla, tsoho ya ji shi ne ke ɓata nonon ɗiyar mutane, kunya ta kama shi, Lahadi ta yi masa nisa. Aikin nan ne kaɗai ya riƙe shi a gidan. Na auna yawur na auna Baba, na ja bakina na yi shiru.

Amma ban zauna haka ba. Na lura in an kira azahar yakan tafi masallaci ya daɗe, don sai an gama hira a gindin dogon yaro yake dawowa. Yana fita sai in lallaɓa baranda in danna makunnin, firigo ya samu ɗan numfashi, in na ji gyaran muryarsa a zaure in kashe in ruga madafa. Na yi haka kwanaki ina jin kaina mai wayo. Na manta an gyara masa ido. Wata rana ya dawo ya tsaya gaban akwatin, sai na ji ya ɗaga murya yana gaya wa kajina:

“Ɓera ya shiga rumbun ga. Na bar shi cike, na iske an taɓa.”

Na toshe bakina da zane. Ɗansa ya zarga, don da yamma na ji yana yi masa hannunka mai sanda a kan ’yan birni da ba su san ajiya ba, mushe kuwa yana ta amsawa da to, bai san inda aka dosa ba. Daga ranar Baba ya kife kwando a kan akwatin ya ɗora dutse, kuma yana sa wa dutsen alama da ban taɓa gane ta ba. Hirar gindin dogon yaro ma ya rage ta, ana sallamewa yake dawowa. Ɓera dai ya ga ta kansa.

Sai na koma neman yadda zan yi da yawur mai tsami. Na rage yawan da nake kaɗawa. Na jiƙa buhu na lulluɓe firigo. Na riƙa sayen ƙanƙara a wata unguwa in an samu. Wanda ya lalace duk da haka in dama fura da shi, in aika gidan maƙwabta, har suka fara cewa Allah ya ba ni hannun kyauta a bana. Gidanmu kuwa fura safe, fura rana. Maigidana ya ce tsami ya kashe masa haƙora. Masu shago suka fara aiko mini da magana mai ɗaci, ɗaya ma ya koma ɗauka wurin wata. Ranar da na ji wannan na zauna a bayan firigo na yi kuka na haushi, na zagi batir, na zagi bazara, na zagi mai gyaran da ya rasa abin da zai kwatanta sai rumbu. Da na share hawaye na leƙa taga, ga tsoho yana goge akwatin da rawaninsa yana ’yar waƙar noma a ƙasan maƙoshi. Na tashi na dama masa furarsa.

Wanda ya sha wahala a banza shi ne mai gyaran wuta. Maigidana ya tabbata an sayar mana da mataccen batir. Ya kira shi ya zo ya auna, ya ce lafiya lau. Ya sake kiransa, ya canza waya don dai a zauna lafiya. Duk zuwan da zai yi akwai wuta, kwando na gefe, Baba na zaune yana amsa gaisuwa, babu wanda ya yi tunanin tambayarsa. Ni kuwa in cika wa bawan Allah kofi da ruwan sanyi in aika masa, abin da zan iya ke nan.

Ranar wata Asabar abin ya fashe. Maigidana yana gida, ya sa an kira mai gyara, suna tsaye a baranda murya ta fara hawa. Ɗaya na cewa kayan banza ne, ɗaya na rantsuwa da abincin ’ya’yansa. Suna cikin haka aka ɗauke wuta. Akwatin ya yi ƙara, firigo ya ci gaba da gurnani, mai gyara ya buɗe hannuwa yana cewa to ga shi nan, a gani da ido. Bai rufe baki ba Baba ya miƙe, ya ratsa tsakaninsu, ya yi bisimilla ya danna makunni. Ina taga ina kallo.

“Baba, mi kaka yi haka?” in ji maigidana.

“Ruhe shi nika yi. Wagga ’yar ɗaukewa ta yini guda, ita za a buɗe ma ajiya? In babbar ta zaka, mi za ku ci?”

Mai gyara ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a jakarsa, kafaɗunsa na rawa. Maigidana kuwa allo ya bayyana a gabansa. Ya yi bayani tun daga tushe, da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce batir ba ya ƙarewa kamar hatsi, duk wutar da ta dawo sai ya sake cika. Ya ce don irin wannan ɗaukewar aka saye shi. Da ya tsaya nan da an tsira. Sai ya ƙara da cewa tun ranar da aka kawo batir yawur bai daina lalacewa ba, masu shago sun gudu, gida ya koma gidan fura mai tsami.

Baba ya tambaya, a hankali:

“Ɗiyar mutane ta sani?”

Maigidana ya juyo ya kira ni. Ban fito ba, ban amsa ba, kuma shirun nan ya isa amsa. Na ga tsoho ya dubi kwandon, ya dubi dutsen, ya dubi tagar madafa sau ɗaya ya kawar da kai. Ya gane ɓeransa. Ya danna makunni firigo ya tashi, ya cire zanar ya naɗe, ya ɗauki rawanin goge ƙura ya shige ɗaki. Furar da na aika masa ta dawo yadda take. Bayan magariba ya gaya wa wancan cewa gobe Lahadi.

Abin da na faɗa wa maigidana a ɗaki ba na rubutawa ba ne. Shi ma ya ce me ya sa ban gaya masa ba, na ce ga dalilin nan ya gani da idonsa. Ya je ya ba uban haƙuri, ya ce yawur ba komai ba ne. Baba ya ce ba fushi ya yi ba. Ido ya warke, damina ta kusa, gona na son shara, kuma gidan da mutum ba shi da aiki sai ɓarna ba wurin zamansa ba ne. Babu ƙarya a ciki da za a kama a ja, maigidana ya dawo yana share zufa.

Da safe tabarma na naɗe an ɗaure ta da igiya, ga jakarsa, ga buta a kai. Motar Afala sai bayan azahar take tashi, in ’yan kasuwa sun gama. Da hantsi maigidana ya tafi tasha ya kama masa gidan gaba, don kada a cusa shi a baya cikin buhuna. Na kwaɗa zogale, ko kallonsa bai yi ba. Na shiga madafa ina ta wanke kwanonin da na riga na wanke. Firigo cike yake da yawur, don na kaɗa da yawa a daren jiya saboda hannuna ya samu abin yi.

Rana na take tsaka aka ɗauke wuta. Unguwa ta ja tsakinta. Akwatin ya yi ƙara, firigo ya ci gaba da aikinsa, babu wanda ya taɓa komai. Na leƙa taga. Baba yana zaune a kan jakarsa, na ga hannunsa ya ɗaga daga gwiwa kamar zai miƙe, sai ya mayar da shi, ya juya fuska wajen ƙofa. Duk asarar da na yi a watan nan ba ta yi mini ciwo kamar wannan hannun da ya koma ba.

Ban san lokacin da uwar mijina ta faɗo mini a rai ba, matar da sau kaɗan na gani. Na ɗauki mayafi na yafa, na ɗauki ƙwaryar da nake auna madara, babu komai a cikinta. Na ratsa tsakar gida zuwa baranda yana zaune, abin da ban taɓa yi ba tun zuwansa. Na je gaban akwatin na danna makunnin ja da hannuna. Firigo ya yi shiru, da yawur ɗina duka a cikinsa. Na ja baya, na durƙusa, na ajiye ƙwaryar a ƙasa tsakaninmu. Sannan na ce:

“Baba, hatsi ya ƙare ɗaka. A buɗe muna.”

Ina kallon ƙasa, ina jin zufa na bin bayana. Wata kazata ta zo ta leƙa ƙwaryar ta ga babu komai ta wuce. Can na ji ya yi gyaran murya, kuma da ya yi magana kazar ya yi wa, ba ni ba.

“Tun da anka kawo abin ga nike zaune nan. Ba wanda yaz zaka yac ce shina so. Sai ɓera.”

Dariya ta kuɓuce mini a cikin mayafi, da hawaye a haɗe. Shi ma na ji ƙirjinsa na motsi. Ashe duk kwanakin nan da nake jin kunyar in yi masa magana, shi yana zaune yana jiran mai ƙwarya, kunya kuma ta hana shi tambayar matar ɗansa ko tana da bukata. Ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa yadda ya saba, ya tsaya gaban akwatin. Ya tambayi katanga ko na yini ake so ko na kwana. Na ce wa ƙasa har sai wuta ta dawo. Ya ce to, a yi tattali. Ya yi bisimilla ya danna, firigo ya tashi a madafa. Na ɗauki ƙwaryata na yi godiya na koma.

Ana kiran azahar maigidana ya shigo da sauri, ya ce an samu gidan gaba, direba na jira. Ya tarar da uban a tsaye yana ɗaura zana a inda take.

“Ka koma ka ce mishi shi tahi. Na buɗe ma ɗiyar mutane rumbu, wuta ba ta komo ba. Wa za shi ruhe in na tahi, kai?”

Maigidana ya buɗe baki, na tabbata bayani ne ya taso masa, cewa abin ba ya bukatar mai rufewa. Ya dubi tagar madafa, ya ga idona, ya rufe bakinsa. Ya sa hannu ya kwance igiyar tabarmar da kansa ya shimfiɗa. Baba ya zauna ya ce a kawo zogalen nan in bai ƙare ba.

A satin muka sake kiran mai gyaran wuta, maigidana ya ba shi haƙuri, sannan ya roƙe shi ya gyara akwatin yadda ba zai karɓi firigo da kansa ba sai an danna. Mutumin ya ce tun da yake aikin nan ba a taɓa kiransa ya rage wa na’ura wayo ba sai a gidanmu, amma ya yi. Gonar Afala ’ya’yan ƙanen Baba suka nome, da kaka ya je ya ga amfanin, bai yi sati ba ya dawo, kuma kafin ya amsa sannu da zuwa sai da ya duba fitilunsa. Wani lokaci ɗaukewar takan same shi a masallaci, yawur ya ɗan jira, ban taɓa jin ya yi tsamin da za a ƙi ba. Mai shagon da ya gudu ma ya dawo da kansa.

Har yau in an ɗauke wuta a unguwarmu tsaki ake ja gida-gida. Ni mayafina nake nema, da ƙwarya. Kafin in ratso tsakar gida Baba ya riga ya gyara zama a tabarma, yana kallon katanga kamar bai san da zuwana ba.